Filin Manoma: Tirela Mai Wuyan Dinya, Ko Ta Dace Da Ƙasar Yankwashi?

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, wanda ya sayar da riɗi ko gyaɗa kuɗi sun ɗan zauna masa a aljihu. A irin wannan lokaci ne ake shawarar abin da za a saya domin damina mai zuwa. A ƙasar Kazaure, watau Kazaure da Roni da Gwiwa da Yankwashi, har zuwa maƙwabciyarsu Babura, masu taraktar haya da ƙungiyoyin manoma sai ƙaruwa suke yi, kuma tun da Gwamna Umar Namadi ya hau mulkin Jigawa a 2023 gwamnati ta sayo taraktoci da injinan girbi masu yawa. To, inji kuwa ba ya tsiro a gona, sai an kai shi. Shi ya sa maganar tirelar ɗaukar inji ta taso, musamman wata iri da samari ke nuna wa iyayensu hotonta a waya, wadda ake kawowa daga Amurka. Bayanta shimfiɗaɗɗe ne kamar tabarma, ba shinge, gabanta kuwa yana da dogon wuya na ƙarfe wanda ya tashi sama ya lanƙwasa ya sauko, kamar wuyan dinya. Daga nan ta samo sunanta.

Tirelar nan aba ce mai kyau, babu mai musu. Amma yawancin waɗanda ke sha'awarta a ƙasar Yankwashi ba su da motar da za ta ja ta, kuma ba su san haka ba. Wanda ya fara sayen tirela kafin ya duba abin ja, ya sayi sirdi ke nan ba shi da doki.

Sai a fara da dalilin wuyan, gama a nan dabarar take. Tirelar da aka saba gani ana maƙala ta ne a wutsiyar mota, can bayan ƙafafun baya. Idan nauyi ya danne wurin, bayan mota ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, kamar yadda sikelin 'yan kasuwa ke yi in an cika ɓangare ɗaya. Ƙafafun gaba, su ne masu juya mota, sai su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sakwaf a hannun direba. In aka taka gudu kuma tirela ta fara kaɗa wutsiya, hagu da dama, tana jan mota tare da ita. Ita mai wuyan dinya ba haka take ba. Wuyanta yana tsallake ƙyauren bayan a-kori-kura, ya sauka a kan wani ƙwallon ƙarfe mai kaurin inci 2 da 5/16, wanda aka kafa a tsakiyar bayan motar, daidai bisa gatarin baya ko gaba da shi kaɗan. Gatari shi ne ƙarfen nan da ƙafafun mota ke juyawa a bakinsa biyu. Da yake nauyin ya sauka a kan gatari, ba a bayansa ba, gaban mota ba ya ɗagawa, tirela ba ta kaɗawa, kuma ana iya karya kwana sosai ba tare da bamba ya bugi tirela ba.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne ga mai amalanke. Tun da aka fara koya wa manoman Arewa noman shanu, kowa ya san cewa amalanke yana da inda ake ɗora masa kaya. In an tara buhuna a baya, itacen ja ya tashi sama, karkiya ta shaƙe shanu a maƙogwaro. In an tara su a gaba, karkiya ta danne wuya har ta yi gyambo, sa ya ƙi aiki mako biyu a tsakiyar huɗa. Gwanin mai amalanke yakan sa yawancin kaya bisa gatari, ya bar kaɗan ya rinjaya gaba. Duk abin da injiniyoyin Amurka suka yi bai wuce wannan ba, sai dai su sun auna shi da ƙididdiga. Sun ce tirelar da ake maƙalawa a wutsiya ta ɗora wa mota kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukan nauyinta, mai wuyan dinya kuwa kashi 20 zuwa 25.

To, wannan kashi 20 zuwa 25 shi ne inda gizo ke saƙa. Malaman ƙungiyoyi da akawu-akawu su ɗauko takarda su buga lissafin nan. Taraktar da ta fi yawa a gonakin ƙasar nan, irin Massey Ferguson 375 da 'yan'uwanta masu ƙarfin doki 75, in an haɗa ta da garmarta da man da ke cikin tanki, nauyinta wajen tan 3 ne. Ita kanta tirelar, mai gatari biyu, ba kaya, takan haura tan 2. An sami tan 5 ke nan da ɗoriya. Kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na wannan, watau kilo 1,000 zuwa 1,300, duka zai sauka a bayan motar da ke ja, a wuri guda da bai fi faɗin tafin hannu ba.

Wace mota ce za ta ɗauka? A-kori-kurar da ake ji da ita a nan ita ce Toyota Hilux. Dukan abin da masu ƙera ta suka yarda ta ɗauka wajen tan 1 ne, kuma a cikin tan ɗin nan har da direba da yaron mota da jarkar mai da akwatin sifana. Abin da za ta ja a baya kuwa, sababbin ne ma masu ƙarfi suka kai kilo 3,500, kuma sai in tirelar tana da birkin kanta. In ba ta da birki, kilo 750 ne iyaka. Ashe ke nan Hilux ta fāɗi jarrabawa sau biyu: wuyan tirela ya fi ƙarfin bayanta, dukan kayan kuma sun fi ƙarfin injinta da birkinta. Lalle za ta motsa da kayan, wannan shi ne abin da ke ruɗin mutane. Za a ga ta tashi daga Kazaure lafiya ƙalau a kan kwalta, jama'a suna cewa ai ga shi ta ja. Amma sifirin ya miƙe, kuloci yana ƙauri, boris na gatarin baya yana cin wuta, ranar da akuya ta gitta a Karkarna aka taka birki kuwa, tan 5 ne za su tura tan 2 gaba.

A Amurka ba da irin wannan mota ake jan ta ba. Makiyaya da manoman Texas da sauran jihohin tsakiyar ƙasar suna amfani da manyan a-kori-kura irin Ford F-350 da Ram 3500, waɗanda sau da yawa ƙafafunsu na baya biyu-biyu ne a kowane gefe. Bayansu na ɗaukar tan 2 zuwa 3, suna kuma jan abin da ya haura tan 10. Dillalin da ya kawo tirela daga tashar jirgin ruwa ta Ikko ba zai kawo wannan magana ba. Aikinsa sayarwa ne.

Idan har mutum ya nace sai mai wuyan dinya, to, abin da ya dace da ita a nan shi ne ƙaramar babbar mota mai tagwayen ƙafafun baya, irin Kanta da ake gani tana jigilar hatsi, a cire mata akwatin baya ko a rage shi, a kafa mata ƙwallon. Kafa ƙwallon nan ba aikin kowane mai walda ba ne. Ba a kan falangen bayan mota ake narka shi ba. Sai an gitta ƙarfe mai kauri tsakanin dogayen ƙarafan shasi biyu, a ɗaure shi da manyan notuna, kana a zaunar da ƙwallon a kai. Ba a yawan kunna wa shasi wuta, domin zafin walda yana raunana ƙarfensa, daga baya ya tsage a wurin. Sa'an nan a sa sarƙoƙi biyu na tsaro daga wuyan tirela zuwa shasi, ko da ƙoƙon ya kuɓuce daga ƙwallon. Sai dai wanda ya riga ya mallaki Kanta ya tambayi kansa tukuna: injin casa, da injin ban-ruwa, da ƙaramar taraktar hannu da ake bi a baya, ai duk suna shiga bayan Kanta ba tare da wata tirela ba.

Yanzu a ce an sami motar ja. Saura duban tirelar kanta. A jikin wuyanta, ta hagu, akwai wani ɗan allon ƙarfe ko takarda da aka manna, inda masu ƙira suka rubuta iyakar nauyinta. A nan akawu zai yi amfani ƙwarai, gama kurakurai biyu ake yi. Na farko, Amurkawa da laba suke awo, ba da kilo ba, kuma kilo 1 ya ɗan haura laba 2. Wanda ya ga an rubuta 14,000 ya zaci tan 14 ne, ya yi babban kuskure, kilo 6,350 ne kawai. Na biyu, lambar nan ta haɗa da nauyin tirelar kanta. In an cire tan 2 da ɗoriya na jikinta, abin da ya rage na kaya wajen tan 4 ne. Ya ishi tarakta ɗaya da garmarta. Bai ishi babban injin girbin shinkafa irin wanda ake gani a ƙasar Haɗeja ba, balle katafila. In allon ya ɓace ko an kankare shi, a ƙidaya gatari a duba lambar da ke jikinsa. Waɗanda aka fi sa wa irin wannan tirela su ne masu laba 7,000, watau kilo 3,175 kowanne, sai manya masu laba 10,000 ko 12,000 da ake sa wa tagwayen ƙafafu.

Taya ita ce za ta fi ba mai tirela wahala, saboda haka a daɗe a kanta. Tayar da ake sa wa gatari mai laba 7,000 ta inci 16 ce, kuma tana ɗaukar kilo 1,600 ne in an ba ta iska har awo 80. Huɗu sun tashi kilo 6,400, watau daidai wa daida, ba rara. Mai faci da ya saba da tayar ƙaramar mota zai ba ta 40 ko 50 ya ce ta cika. Tayar da iskarta ta gaza kuwa, in ta ɗauki kaya a kan kwaltar Kano zuwa Daura a zafin watan Afrilu, gefenta yana lanƙwasawa yana miƙewa har ta yi zafi ta fashe. Awon iska ɗan ƙaramin abu ne mai araha, ya kamata ya zauna a aljihun direba. Har wa yau a duba shekarun taya. A gefenta akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan tayar da ta haura shekara 4. Tayar tirela kuwa ba ta cika cinyewa ba, ruɓewa take yi a tsaye, zanenta yana nan kamar sabuwa alhali gefenta duk ya tsattsage.

Wani abin da ba a tunawa sai ranar da aka tsaya a daji shi ne ramukan noti. Ƙafar tirelar Amurka mai wannan girma noti 8 gare ta, ta Hilux kuwa 6. Ba a aron ta wannan a sa wa waccan. Saboda haka kada a karɓi tirela sai da ƙafar safaya, biyu ma sun fi. Kafin a biya kuɗi kuma, a cire boris ɗaya da takalmin birki ɗaya a kai su Ƙofar Ruwa a Kano, a ga ko akwai irinsu a kasuwa. In ba a samu a Ƙofar Ruwa ba, ba za a samu a Kazaure ba, balle Gwiwa. Injin da ya kwana uku a bakin hanya yana jiran boris a farkon damina, asararsa ta fi kuɗin boris sau ɗari.

Birkinta ma baƙo ne. Makanikan ƙasar nan sun ƙware a birkin mai da birkin iska, amma yawancin tirelolin nan birkin lantarki gare su. A cikin kowace ƙafa akwai maganaɗisu, in wuta ta zo masa ya kama ganga ya ja takalmin birki. Wutar kuwa ba ta zuwa sai an sa wata 'yar na'ura a gaban direba, wadda ke aika ta daidai da yadda ya taka, ta bi ta soket mai baki 7. Motocin da ke nan ba su zuwa da wannan na'ura. Abin da yakan faru shi ne a haɗa wayar fitila kawai, a bar ta birki tana lilo, a ce ai birkin mota ya isa. Bai isa ba. Mai shakka ya tuna da gangaren tsaunukan Roni da na bayan Kazaure. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a ɗaga ƙafa ɗaya da jak, a juya ta da hannu, direba ya taka birki. In ba ta tsaya cak ba, babu birki, kome dillali zai faɗa.

A sunkuya kuma a leƙa ƙarƙashi. A jihohin arewacin Amurka ana zuba gishiri a kan hanya lokacin sanyi domin narkar da ƙanƙara, gishirin nan yana cin ƙarfe daga ƙasa. Sabon fenti a kan tsohuwar tirela ba abin murna ba ne, abin tuhuma ne. A ƙwanƙwasa manyan ƙarafan da guduma, a duba inda wuya ya haɗu da gangar jiki, domin nan ne duk wahalar ke taruwa, nan ne kuma tsaga ke fara fitowa, siririya kamar gashi.

Duk wannan maganar kwalta ce. Amma gonar Yankwashi ba a bakin kwalta take ba. Da an sauka daga babbar hanya sai burji, bayan burji sai turbar amalanke, mai rairayi da rani, mai taɓo da kwazazzabo da damina. Ta wajen Babura rairayin ya fi zurfi, ta wajen Roni kuwa duwatsu ne. Tirelolin nan tsawon shimfiɗarsu daga ƙafa 20 ne zuwa 40. Doguwa ta fi kyau a hoto, amma ƙafafunta ba su bin sawun motar da ke janta a kwana, yankewa suke yi ta ciki, kuma mai wuyan dinya ta fi kowace yankewa. A lungun ƙauye za ta kwashi katangar mutane ko ta rushe rumbu, a ƙaramar kwalbati kuwa ƙafa ɗaya ta zurma. Wutsiyarta ma, wadda aka karkatar ƙasa domin sauƙin hawan inji, takan kafe a ƙasa wurin sauka daga kwalta. Tarakta da garmarta ba su buƙatar fiye da ƙafa 20 zuwa 24. Duk abin da ya haura haka ƙarfe ne kawai da za a riƙa sayen mai ana ja.

Akwai iri biyu ta wajen tsayi daga ƙasa. Wadda shimfiɗarta ke bisa ƙafafu faɗinta inci 102 ne, tana ɗaukar haro mai faɗi, ana kuma iya loda mata buhuna ta kowane gefe, amma tsayinta daga ƙasa wajen ƙafa 3 ne, hawan yana da tsini. Wadda shimfiɗarta ke tsakanin ƙafafu ta fi kusa da ƙasa, ta fi zama daram, amma faɗinta bai cika ƙafa 7 ba, tarakta da ƙyar take shiga, cikinta kuma yana shafar tudun tsakiyar turba. Ga ƙasa irin wannan, ta farko ta fi, muddin ƙarafan hawanta dogaye ne masu gitte-gitte, gama tayar tarakta mai taɓo a kan sulɓin ƙarfe ba ta da amana. Ba a loda inji sai a wuri mai daidai, tirela tana maƙale da mota, an sa wa ƙafafu waigi.

In motar ja ta kafe a rairayi, abin da zai zo wa kowa a rai shi ne a sauke tarakta ta ja tirelar. A nan ne mai wuyan dinya ke nuna wani aibinta, domin tarakta ba ta da bayan da wuyan zai sauka. Wasu sukan ɗaura shi a hannuwan ɗaga garma, su ɗaga sama. Wannan kuwa neman mutuwa ne. Duk abin da aka ɗaure wa tarakta sama da gatarinta na baya, in ya yi tauri, gabanta ne zai tashi ta kifa da baya a kan direba, kuma abin bai kai daƙiƙa 2 ba. Harry Ferguson, mutumin Ireland ta Arewa wanda aka fara ƙera 'yar taraktarsa mai ruwan toka a Coventry ta Ingila a 1946, ya san wannan sarai. Da ya zo yin tirela mai ɗaukar tan 3, sai ya kai ƙafafunta can baya domin nauyi ya danne ƙafafun tarakta su kama ƙasa, ƙugiyar ja kuwa ya sa ta a ƙarƙashin gatari. Watau dabarar wuyan dinya ce, amma ta ƙasa. Irin wannan tirela ta tarakta, wadda masu walda na Kano da Kazaure suke iya ƙerawa, ita ce ta dace da kai haro da injin casa da taki daga gari zuwa gona.

Tirelar gida tana da nata laifi, kada a ce an yabe ta an bar shi. Sau da yawa akan ɗauko gatarin tsohuwar babbar mota a cire masa birki a yar, wai ba shi da amfani, a narka shi a jikin ƙarfe ba sifirin, babu fitila, babu wanda ya san nauyin da za ta iya. Mai ba da aikin ƙira shi ke da ikon hana wannan, tun da kuɗinsa ne. Ya ce a bar birki a haɗa shi, a sa sifirin, a zaunar da gatari baya kaɗan da tsakiyar shimfiɗa, a sa fitilu da abin da ke ƙyalli in an haska. In an gama a kai ta sikelin manyan motoci a auna, a rubuta nauyinta da fenti a jikinta. Amfaninta a kan ta Amurka guda ne amma babba: duk abin da ya lalace a jikinta akwai shi a kasuwa.

Kowace iri aka saya, igiya ba ta ɗaure tarakta. Sarƙa huɗu ake sa wa, ɗaya a kowace kusurwa, kowace tana ja waje, a sauke garma ta zauna a kan katako a ɗaure ta daban, a sa giya a ja birkin hannu. Bayan 'yan mil kaɗan a tsaya a ƙara ɗaurewa, domin sarƙa takan saki in kaya sun zauna. Leburori kuma ba su hawa kan inji ana tafiya, ko da sun roƙa.

Saura babbar tambaya, wadda ta kamata a fara da ita: tafiyar nawa ce? Tarakta tana yin kilomita 25 zuwa 30 a sa'a da ƙafarta. Daga Karkarna zuwa Achilafiya ko Gurjiya ko Zungumba, kafin a gama lodi da ɗaure sarƙa ta riga ta isa ta fara huɗa. Wanda aikinsa bai wuce ƙaramar hukumarsa da maƙwabta ba, ba shi da bukatar tirelar ɗaukar tarakta ko kaɗan. Ranar da ta lalace za a kai ta Kano, tafiyar wajen kilomita 80 daga Kazaure, ya ɗauki hayar babbar mota sau ɗaya ya huta. Wanda tirela za ta biya shi ne mai bin ruwa: ya fara aiki a ƙasar Zariya inda damina ke riga sauka, ya biyo ta arewa har ta iso Kazaure da Babura a watan Yuni, da rani kuma ya nufi Kadawa ko Haɗeja wajen masu alkama da shinkafa. Irin wannan doguwar tafiya a kan kwalta tana cinye manyan tayoyin tarakta, tana cin kwanaki, kwanakin huɗa kuwa a arewacin Jigawa ƙidayayyu ne. Shi kam ya saya, amma tare da motar da ta isa.

'Yan kasuwa sukan ce ai in ba lokacin noma ba sai a riƙa ɗaukar hatsi da ita, ta biya kanta. Haka ne, in tana da ramukan kafa sanduna a gefe. Sai dai tan 4 buhu 40 ne na masu kilo 100, ko buhun taki 80 na masu kilo 50, kuma buhu 40 a kan shimfiɗa mai ƙafa 24 ko rabinta ba su rufe sosai ba. Idon ɗan kasuwa kuwa ba ya son ganin fili a bayan mota. Haka za a yi ta ƙari har a kai 80, gatari ya lanƙwashe, daga nan taya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya har abada. Ƙungiyar da ta sayi tirela da kuɗin jama'a ta rubuta adadin buhuna a littafinta, ta kuma rubuta shi a jikin tirelar inda kowa zai gani.

Lokacin saye shi ne rani, ba farkon damina ba, domin a sami damar gwaji ba gaggawa. A yi sharaɗi da mai sayarwa tun wurin ciniki, gaban shaidu, cewa ba za a cika kuɗi ba sai an ɗora taraktar da za ta riƙa ɗauka, an maƙala ta a motar da za ta riƙa janta, an bi turbar da ta fi kowace muni cikin waɗanda za ta riƙa bi. Kafin lodi a auna tsayin bamban gaba da na baya daga ƙasa, bayan lodi a sāke aunawa. In gaba ya tashi, ko baya ya zauna a kan robar da ke tare sifirin, motar ta gaza. In an dawo daga turbar a taɓa cibiyar kowace ƙafa da bayan hannu, wadda ta fi sauran zafi boris ɗinta ya kusa, sai a cire kuɗinsa daga cikin ciniki.